Wa ke yasar rijiyar da duk muke sha?

Tambaya: Yaya, shekarata ɗaya da fara aikin rubuta manhaja a wani buro nan Damagaram. Abokina ya ce duk wanda ba ya raba dare yana zuba kod, wato rubutun da ake haɗa manhaja da shi, kyauta a GitHub, shafin da masu manhaja ke baje aikinsu, ba gwani ba ne, ɗan jiran albashi ne kawai. Ni kuwa in na tashi aiki filin ƙwallo nake zuwa, daga can sai gida. Ina da laifi? Sannan waɗannan buɗaɗɗun manhajoji, masu kod a fili da kowa zai iya dubawa ya gyara, da muke ta saukewa ba ko dala, wa ke kula da su, kuma me yake ci?

Ƙanena, ba ka da laifin komai, ci gaba da buga ƙwallonka. Da tambayar farko kaɗai ka yi, da nan zan tsaya. Ta biyun ce mai nauyi, kuma in ka ji amsarta za ka gane inda abokin naka ya samo maganarsa da inda ya saki hanya.

Maganar tasa tana da asali. Da yawa cikin manyan kayan aikinmu a lokacin hutu aka fara su. Guido van Rossum ya soma Python, wani yaren rubuta manhaja, a Disambar 1989 a Amsterdam, saboda wurin aikinsu zai rufe na hutun Kirsimeti, yana neman abin da zai ɗebe masa kewa. Linus Torvalds yana ɗalibi ɗan shekara 21 a Helsinki ya aika saƙo ranar 25 ga Agusta 1991, ya ce yana haɗa wani tsarin tafiyar da kwamfuta, don sha'awa kawai, ba wani babban abu zai zama ba. Abin nan da ba zai zama babba ba shi ne Linux, kuma shi ne a cikin kowace salula mai Android da ake ciniki a Kasuwar Dole. Samari kan ji waɗannan labarai su ce ashe haka ake zama gwani. Abin da ba a cika gaya musu ba shi ne yadda labarin ya ci gaba. Yau mafi yawan gyaran da ke shiga Linux ma'aikatan kamfanoni ke rubuta shi, na Intel da Google da Red Hat da ire-irensu, da rana tsaka, a cikin sanyin ofis, albashi na jiransu ƙarshen wata. Torvalds kansa Gidauniyar Linux ke biyansa. Manyan ayyukan da kowa ya san sunansu galibi sun sami mai ɗauke musu nauyi.

Matsalar tana ƙasa da su, wurin ƙananan guntayen da manyan suka hau kai suka zauna.

Mu a garin nan ba sai an karanta mana darajar ruwa ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa jiran mai ga-ruwa a watan Afrilu ya san ta. To ka ɗauki rijiyar unguwa. Ranar haƙa ta gayya ce, kowa ya fito, a dama fura, a yi barkwanci, sunan wanda ya kawo shawarar ya shiga bakin mutane. Bayan shekara biyar rairayi ya taru a gindinta, guga biyu sun tsinke sun faɗa, bakinta ya fara zubewa. Wa zai ɗaura igiya a ƙugu ya sauka cikin duhu ya yashe ta? Yawanci mutum ɗaya ne, kuma masu ɗiba ba su ma san shi ba sai ranar da ruwan ya fito da laka, ranar kuwa zagi ne rabonsa. Rubuta sabuwar manhaja gayya ce. Riƙe ta yasa ce.

Mai riƙon manhaja ba sabon kod yake yini yana rubutawa ba. Ƙorafe-ƙorafe yake karantawa, rabinsu "ba ya aiki" kawai aka rubuta, babu bayanin wace kwamfuta, wane zubi na manhajar, tsoho ko sabo, me aka danna. Yana duba gyaran da baƙi suka turo layi bayan layi, don duk abin da ya karɓa ya zama nasa har abada, mai turowar kuwa gobe ya ɓace. Yana cewa a'a, a ji haushinsa. In sabon zubin Python ya fito ya karya masa wani abu, shi zai ɗinke. In wani ya gano ɓaraka ta tsaro, shi zai riƙe sirrin a ciki har ya toshe ta, ko da ranar sunan ɗansa ce.

Ka duba agogon salularka. Ta san muna gaba da agogon GMT da awa ɗaya ne saboda wani kundin lokutan duniya da ake kira tz, wanda Arthur David Olson ya fara a shekarun 1980, kuma Paul Eggert, malami a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles, ya daɗe yana riƙe da shi. A cikin kundin, Yamai an jingina ta ne da Legas tunda agogonmu ɗaya. Duk ƙasar da ta wayi gari ta sauya lokacinta, sai wannan malami da ƴan sa-kai da ke tare da shi sun bi sun gyara kafin jirage da bankuna su daidaita. Ko ka ɗauki curl, ɗan abin nan da ke ɗauko bayanai ta intanet, wanda ke cikin salula da mota da talabijin biliyoyi. Daniel Stenberg, mutumin Suwidin, ya sa masa wannan suna a 1998, ya yi shekara ashirin yana aikinsa da dare bayan iyali sun kwanta, sai a 2019 ya zama aikin da ake biyansa a kai. Saboda adireshin imel ɗinsa na cikin takardar lasisin da ke fitowa a allon wasu motoci, masu motoci kan rubuto masa su ce ya gyara musu na'urar nuna hanya.

Duniya ba ta tuna da waɗannan mutane sai abu ya fashe. A Afrilun 2014 aka bayyana ɓarakar da aka sa wa suna Heartbleed a OpenSSL, makullin da ke tsare sirrin wani babban kaso na shafukan intanet a lokacin. Da aka leƙa, sai aka tarar gudummawar da aikin ke samu ba ta wuce dalar Amurka 2,000 a shekara ba, kuma mutum ɗaya ne kacal ya ɗauke shi a matsayin cikakken aikinsa. Kunya ta kama manyan kamfanoni, suka haɗa asusu a ƙarƙashin Gidauniyar Linux. A Disambar 2021 aka sake, wannan karo da Log4j, ɗan guntun da manhajojin da aka rubuta da yaren Java ke rubuta bayanan aikinsu da shi. Ƴan sa-kai ƙalilan na Gidauniyar Apache suka kwana suna toshewa, mutane na ta yi musu tsawa kamar sun ci kuɗinsu. Abin dariyar ma, a Janairun 2022 wani hamshaƙin kamfani ya aika wa Stenberg takarda yana neman amsa cikin awa 24 kan ko kayansa na ɗauke da matsalar Log4j, alhali curl ba ruwansa da Log4j, kuma kamfanin bai taɓa ba shi ko sisi ba. Ya amsa musu da ladabi cewa zai yi bayani da zarar sun sa hannu a yarjejeniyar biyansa.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na xz, kuma shi nake so ka gaya wa abokinka. Wannan xz ɗan abin matse fayil ne da ke cikin kusan kowace kwamfuta mai Linux. Mutum ɗaya, Lasse Collin, ya yi shekaru yana riƙe da shi. A 2021 wani mai kiran kansa Jia Tan ya ɓullo, yana turo gyare-gyare masu kyau, cikin haƙuri da ladabi. A 2022 sai ga waɗansu sunaye da ba a taɓa ji ba suna matsa wa Collin lamba: aikin ya tsaya, ba ka kula, ka miƙa wa wani. Ya amsa musu cewa ƙarfinsa ya ragu, kuma su tuna aikin sha'awa ne da ba a biyansa. Sannu a hankali ya ba Jia Tan makullin ɗaki. A Fabrairu da Maris na 2024 zubi na 5.6.0 da na 5.6.1 suka fito da wata ƙofar baya a ɓoye, wadda da ta bazu za ta ba mai ita damar shiga sabobi, wato manyan kwamfutocin da ke riƙe da shafuka da bayanai, masu ɗimbin yawa ta hanyar SSH, ƙofar da ake shiga kwamfuta daga nesa. Abin da ya cece mu, wani injiniyan Microsoft mai aiki kan manhajar adana bayanai ta PostgreSQL, Andres Freund, ya lura shiga wata na'urarsa na ɗaukar kamar rabin daƙiƙa fiye da yadda ya saba. Rabin daƙiƙa. Ya bi diddigi, ya tona asirin ranar 29 ga Maris 2024, kafin abin ya shiga zubin Debian da sauran nau'o'in Linux da ake girkawa a manyan sabobi. Ka lura, maharin bai sha wahalar fasa lissafin sirri ba. Gajiyar mutum ɗaya ya nema ya samu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma bangon nan ɗan Adam ne da aka bar wa kaya shi kaɗai.

Ni ma na ɗanɗana, a ɗan ƙaramin mizanina. Shekarun baya ina yi wa wani bankin hatsi aiki, muna tura wa manoma rasit ta saƙon salula. In ka rubuta wa tsoho 500 ba ka gaya masa komai ba, shi dala ɗari ya sani, 1,000 kuwa jika ce. Sai na rubuta ɗan guntun kod da ke juya adadin sefa zuwa kalmomi yadda muke ƙirga kuɗi a kasuwa. Maraice biyu ya ɗauke ni. Na ɗora a GitHub don alfahari, na manta da shi. Bayan wata shida ƙorafi ya fara shigowa. Wani daga Kano ya ce su ba sa ƙirga naira da dala, in ƙara masa tasu hanyar. Wani ya ce kuɗin saƙonsa ya ninka, kuma da gaskiyarsa: saƙon salula na ɗaukar harafi 160, amma da zarar ɗ ko ƙ ta shiga ciki sai a koma wani tsarin haruffa da ke ɗaukar 70 kacal, saƙo ɗaya ya zama biyu ko uku. To "ɗaya" da "huɗu" da "ɗari" duk da ƙugiya suke. Na ƙara zaɓin cire ƙugiya. Wani kuma ya zo ya ce na lalata Hausa.

Ranar Sallar Layya, an gicciye raguna a jikin itace an jera su kewaye da wuta, ina zaune ina juya su, ido na hawaye don hayaƙi, salula ta yi ƙara. Wani ne daga wata ƙungiya da ban taɓa jin sunanta ba, ya samo lambata wurin wani. Ko barka da salla bai yi mini ba. Ya ce rasit ɗinsu na fitowa ba daidai ba, jibi suna da rabon kaya, a gyara yau. Matsalar ita ce adadin da biyar ba ta raba shi, irin 1,003, wanda ban taɓa tunaninsa ba tunda a kasuwa babu shi. Abin da har yau ke ba ni mamaki, tashi na yi. Na bar wa wani ƙanena wuta, na shiga ɗaki, na buɗe kwamfuta da hannu mai warin kitse, na yi awa biyu. Da na fito an gama rabon hanta, ƴata ta ajiye mini tawa a faranti ta huce. Mutumin bai sake kira ba, ko don ya ce ya gani. Washegari na rubuta a saman shafin aikin cewa Asabar ɗin farko ta kowane wata nake duba shi, mai gaggawa ya gyara da kansa ko ya biya. Lasisin MIT, takardar sharuɗɗan amfani da kod ɗin da na sa tun farko, ya riga ya faɗi haka da manyan baƙaƙe, cewa kayan yadda ka same shi haka yake, babu lamuni. Ni ne ban yarda da lasisina ba.

Abin sha'awa yana da alama ɗaya: ranar da ba ka so, ba ka yi. Ƙwallonka haka take. Tantabaruna ma kusan haka, in na yi tafiya yaro ya watsa musu gero. Amma manhajar da mutane suka dogara da ita ta tashi daga abin sha'awa, ta zama aiki na biyu marar albashi, mai iyayen gida dubu da ba ka san fuskarsu ba. Van Rossum da kansa, bayan kusan shekara talatin, ya sauka daga jagorancin Python a Yulin 2018 bayan wata doguwar taƙaddama da ta gajiyar da shi.

Yanzu koren zanen nan na shafin GitHub, mai nuna ranakun da mutum ya zuba kod, da abokinka ke auna mutane da shi. Na sha zama a kwamitin ɗaukar ma'aikata, kuma na daina kallonsa. Abin da yake aunawa shi ne wa ke da wuta da dare, wa ke da kuɗin sayen data, wa aka ɗauke wa cefane da kai yara lakwal da zaman makoki da jinyar tsohuwa. Saurayin Helsinki na 1991 karatunsa kyauta ne, wuta ba ta ɗaukewa, babu ƙanne takwas da ke jiran albashinsa. A buronmu wadda ta fi kowa iya gano inda kuskure ya ɓuya mace ce mai ƴaƴa uku. Ba ta da layi ko ɗaya a bainar jama'a, don in ta tashi aiki wani aikin ke jiranta a murhu, kuma duk abin da ta rubuta da rana mallakar wurin aiki ne, a rufe yake. In da koren zane za a bi, ita ce ta ƙarshe. Ba a tambayar likita ko yana fiɗa kyauta ran Lahadi kafin a yarda likita ne. Kuma kan da bai huta ba kuskure yake haifarwa. Yawancin matsalolin da suka gagare ni da dare, a kan hanyar masallaci da asuba amsarsu ta zo.

Sai dai kada in zalunci abokin naka. Akwai abu ɗaya da buɗaɗɗiyar manhaja ke bayarwa wanda samunsa ke da wuya a nan: gwani da ya shekara ashirin a fagen ya karanta kod ɗinka ya ce nan ka yi daidai, nan ka sake. Gyarana na farko da na tura wa wani aiki sau huɗu aka dawo mini da shi, kuma abin da na koya a wannan mako ya fi na wata shida a aji. Akwai kuma waɗanda kod ɗin ne hutunsu da gaske, kamar mai doki da ke jin daɗin wanke dokinsa. In abokinka cikinsu yake, Allah ya ƙara masa lafiya. Kuskurensa kawai mayar da abin da yake so farilla a kan kowa.

In kana jin nauyin cewa kana sha ba ka yasa, hanyoyin ragewa ba sai sun ci darenka ba. Mafi sauƙi, in ka ci karo da kuskure a wata manhaja, kada ka kewaye shi ka yi shiru. Rubuta rahoto mai kyau, da lambar zubi, da matakan da za a bi a ga kuskuren, da ɗan misali ƙarami. Minti talatin ne, kuma mai riƙo ya fi son sa da yabo. Sannan akwai abin da kai ka fi mutumin Suwidin iyawa. Fassara manhaja zuwa Hausa. Gyara yadda ake jera ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, don har yanzu akwai manhajojin da in ka nemi "ƙasa" ba sa gane ta. Ba da muryarka a Common Voice na Mozilla, aikin tara muryoyi don koya wa na'ura jin magana, wanda ke da sashen Hausa. Zana lungunan Birni da Zango da Garin Malam a OpenStreetMap, taswirar da kowa ke iya gyarawa, tunda hoton tauraron ɗan Adam ba ya gaya wa baƙo wane lungu ne ke ɓullewa da wanda ke ƙarewa a bangon gidan wani. In kuma kana son shiga da gaske har a biya ka, Google Summer of Code na nan tun 2005, akwai kuma Outreachy, shirye-shirye ne da ke biyan sababbin hannu su yi aiki a buɗaɗɗun manhajoji. Ka karanta sharuɗɗansu na shekarar da kake ciki.

Amma wanda na fi so ka yi shi ne ka kai maganar wurin mai gidanka a buro. Ku zauna ku lissafa buɗaɗɗun manhajojin da aikinku ya tsaya a kai. Za ku sha mamaki. Masu furoje a yankin nan da KoboToolbox ko ODK suke tattara bayanai, da QGIS suke zana taswira, alƙaluman lafiya na ƙasa a DHIS2 suke, wanda Jami'ar Oslo ke jagoranta. Ana ware miliyoyin sefa na man mota da na taron bita, amma da wuya ka ga layi ɗaya a kasafi na kayan da dukan aikin ke tafiya a kansu. Ka nemi a ba ka safiyar Juma'a biyu a wata, cikin lokacin aiki, ka mayar da gyaran da kuka yi wa waɗannan manhajoji can inda suka fito. Ka gaya masa ribarsa ce: gyaran da kuka ɓoye a wurinku, duk sabon zubin da ya fito sai kun sake ɗinka shi, wanda aka karɓa a can kuwa ya zauna ke nan. Wanda ke cin moriyar rijiyar shi ya kamata ya biya mai sauka, ba a ɗora wa sabon ma'aikaci ya biya da barcinsa ba.

Ranar da kuma ka saki wani abu naka, ka sa lasisi, ka rubuta a fili abin da ka ɗauka da abin da ba ka ɗauka ba, kada ka sa lambar salularka. In ka gaji, ka rubuta cewa ka ajiye, ba abin kunya ba ne. Mai so ya kwafa ya ci gaba da sunansa. Makulli kuwa kada ka miƙa wa wanda matsin lamba ya kawo maka shi, komai kyan gyaransa.

Ɗan guntun nan nawa na dala da jika yana nan, ƙorafi uku na jirana, ɗaya tun kafin azumi. Asabar mai zuwa ce ta farkon wata. In kun tashi ƙwallo da wuri ka biyo ta gida da kwamfutarka bayan la'asar, in nuna maka yadda ake duba gyaran baƙo kafin a karɓa. Ka zo da abokin naka, akwai shayi, na ukun nan da ya gagare ni shi zan ba.